Gamba a Arewacin Ostireliya: Ciyawar Kiwo da Ta Koma Makamashin Gobara

Kimanin kilomita 100 kudu da birnin Darwin, a Yankin Arewa na ƙasar Ostireliya, akwai wani ɗan gari da ake kira Batchelor. Ta nan masu yawon buɗe ido ke bi su shiga gandun daji na Litchfield. Duk wanda ya bi hanyar a watan Agusta, lokacin da rani ya kankama a can, zai tarar da ciyawa ta yi bango hagu da dama, ta ɗara motar da yake ciki tsawo, ta bushe ƙayau. A bayanta kuma, inda da itatuwan turare ke yin inuwa, wasu wuraren sai baƙaƙen kututtura a tsaitsaye, ba reshe ba ganye. Ciyawar nan gamba ce, ita dai gambar dazuzzukan Afirka wadda masana tsirrai ke kira Andropogon gayanus. Ko sunanta mutanen can ba su sauya ba, gamba suke ce mata.

Da hannu aka kai ta ƙasar. Hukuma ce ta shigo da ita, ta yi shekaru tana gwada ta a gonakin bincike, ta tace irinta, ta yi masa rajista, sannan ta kwaɗaitar da masu kiwo su shuka. Wannan ne ya sa labarinta ya cancanci a bi shi dalla-dalla, domin a kowane mataki akwai mutanen da suka zauna suka yanke shawara, kuma kowannensu yana da hujjar da a lokacin ta yi kama da mai ƙarfi.

Abin da aka je nema

Damina a wannan yanki tana faɗuwa daga Nuwamba zuwa Afrilu, kuma ruwa ne na gaske, Darwin kan sami wajen milimita 1,700 a shekara. Daga Mayu zuwa Oktoba kuwa sama ta ɗauke ƙaf. Ƙasar ba ta da ƙarfi. Ciyayin asalin wurin, musamman wata dawar daji mai shekara ɗaya, kan yi tsiro da sauri, su yi iri, su bushe tun a watan Afrilu ko Mayu, su bar shanu da kara marar amfani har wata shida. Mai garke yana kallo dabbobin da suka yi ƙiba da damina suna zubewa da rani. Saboda haka masana aikin gona suka shiga duniya neman ciyawar da za ta jure fari, ta yi kyau a ƙasa marar taki, ta daɗe tana kore, ta kuma farfaɗo bayan wuta.

Gamba ta cika sharuɗɗan nan duka. An shigo da ita a 1931. Daga 1946 aka riƙa gwada ta a tashar bincike ta garin Katherine, can kudu da Darwin. A 1978 aka fitar da wani iri da aka tace, aka sa masa suna Kent. A 1983 irin ya shiga kasuwa, a 1986 kuma ya shiga rajistar ciyayin kiwo ta ƙasar. A shekarar nan ta 1986 ɗin ce aka ayyana Litchfield a matsayin gandun daji na ƙasa. Wato wani ɓangare na gwamnati yana killace daji don a kare shi, wani ɓangaren yana sa hannu a takardar ciyawar da za ta cinye shi, ba tare da ɗaya ya san abin da ɗaya ke janyowa ba.

A yi wa masu kiwon adalci: ba a yaudare su ba game da amfaninta. Gonar gamba da ake kula da ita tana ɗaukar shanu ninki-ba-ninki fiye da makiyayar asali, har an sha faɗin cewa takan kai ninki 40. Amma akwai sharaɗi. Sai an sa mata shanu da yawa, suna cinta a kai a kai, ba a bari ta wuce gwiwa ko ƙugu ba. Da zarar ta kuɓuce ta yi kara, shanu sun guje ta, ita kuma ta miƙe har mita huɗu, ta yi fure, ta zubar da iri. Duk gwaje-gwajen da aka yi, a cikin shinge aka yi su, da dabbobi a kanta. Tambayar da ba a tsaya an yi ba ita ce: yaya za ta kasance a bayan shingen, inda babu saniya ko ɗaya?

A gidanta na Afirka wannan tambaya ba ta taso ba, domin akwai masu rage mata ƙarfi ta kowace fuska. Dabbobin gida da na daji na cinta tun tana tsiro, ƙwari da cututtukan da suka saba da ita suna taɓa ta, mutane na yankan karanta don amfanin gida, sauran tsirran kuma sun yi dubban shekaru suna kokawa da ita a kan ruwa da haske. A Ostireliya ta iske fili fetal. Walabi, ƙaramin dangin kangaru, ba zai iya da ita ba, kuma ba mai yankan kara.

Yadda ta fita daga gona

Tushe ɗaya na gamba yakan yi kauri har santimita 70, yana shekara da shekaru bai mutu ba. Saiwoyinta iri uku ne: na sama-sama masu tsotse ruwan yayyafi tun kafin ya nutse, masu kauri da ke ajiye abinci, da dogaye masu bin danshi can ƙasa idan rani ya yi nisa. Tana fure a watan Afrilu, iri ya nuna daga Mayu zuwa Yuni. An ƙirga iri har 70,000 a murabba'in mita ɗaya na wurin da ta yi kauri. Irin ba shi da nauyi, yana da gashi-gashi, amma akasarinsa a cikin mita biyar daga uwar yake faɗuwa. Da a kan iska kaɗai ta dogara, da tafiyarta ta yi sanyi.

Mutum ne ya ɗauke mata nisa. Irin yakan maƙale a tayar mota da ƙarƙashinta, a bakin gireda mai gyaran hanya, a injin yankan ciyawa da ƙaramar hukuma ke turawa gefen titi, a cikin damin ingirici da aka saya daga wata gona aka kai wata. Ruwan damina ma yana kwasarsa ya bi rafuka da shi. Shi ya sa idan aka dubi taswirar yaɗuwarta, da farko zare-zare ake gani suna bin tituna da layukan lantarki da ƙoramu, daga baya zaren ya yi kauri, ya haɗe, ya zama shimfiɗa.

Wani abu kuma ya taimaka mata a yankin Batchelor da garin Adelaide River da ƙauyukan da ke kewaye da Darwin. An yanyanka wasu tsofaffin wuraren kiwo an sayar da su filaye-filaye ga mutanen da ke son zama a wajen gari. Sababbin masu filin ba makiyaya ba ne. Wasu ma'aikata ne a birni, wasu sun saya sun ajiye ba sa ko leƙowa. Shanu suka tashi, gamba ta zauna. Da farko an ɗauka sai inda aka tone ƙasa take kamawa. Bincike ya nuna tana iya kafuwa a dajin da ba a taɓa ba, a ƙarƙashin itatuwa, ko da kuwa ba a ƙone wurin ba.

Wuta

Nan ne zuciyar lamarin. Dajin arewacin Ostireliya ba baƙon wuta ba ne. Aborijin, 'yan asalin ƙasar, sun yi dubban shekaru suna sa masa wuta da sani, kaɗan-kaɗan, a farkon rani, lokacin da ƙasa ke da sauran danshi. Irin wannan wuta takan bi ƙasa a hankali, ta lashe busasshiyar ciyawa, ta mutu da raɓar dare. Itatuwan turaren wurin sun saba da ita: ɓawonsu ya yi baƙi, ganyen sama bai taɓu ba, damina na zuwa su ci gaba da harkarsu. Ma'aikatan gandun daji da masu kashe gobara sun gaji wannan dabara, suna ƙona wuri da wuri don kada babbar wutar ƙarshen rani ta sami abin ci.

Gamba ta rushe lissafin nan ta hanya uku. Na farko yawa: ciyayin asali kan tara busasshen makamashi tan 2 zuwa 4 a hekta, gamba kuwa tan 11 zuwa 15 abu ne da aka saba gani, wani wurin ma ya doshi 30. Na biyu tsawo: makamashin ba a ƙasa yake kwance ba, a tsaye yake kamar tsani, yana kai harshen wuta har cikin rassan itace. Na uku lokaci: tana nan kore bayan sauran ciyayi sun bushe, don haka wutar farkon rani ba ta cinta sosai, sai ta bushe a tsakiyar rani, daidai lokacin da iska ta yi ƙarfi, danshi ya ƙare. Wuri ɗaya yakan iya ƙonewa sau biyu a shekara guda.

Masu bincike na Jami'ar Charles Darwin, cikinsu har da Natalie Rossiter-Rachor da Samantha Setterfield da Michael Douglas da Lindsay Hutley, sun auna abin a fili. Sakamakon da suka fitar a 2003 ya nuna cewa ko a farkon rani, idan ta kama, wutar gamba ta ninka ta ciyayin asali zafi kusan sau takwas. Itacen da ya jure wuta ɗari a rayuwarsa, wannan sai ta babbake shi har ƙoli. Idan ya yi ƙarfin halin sake toho, wata na nan tafe baɗi. Ƙananan itatuwa da ya kamata su gaji manyan kuwa ba sa ko kai wa gwiwa. Wani nazari da aka yi da hotunan sama a karkarar Darwin ya gano cewa a wuraren da gamba ta mamaye, inuwar itatuwa ta ragu da fiye da rabi cikin shekara 12 kacal.

Ita kuma gamba wutar ba ta kashe ta. Tushen yana nan a ƙasa da ajiyarsa, ko ruwa bai sauka ba sai ka ga ya fito da sabon ganye a cikin toka. Kowane itace da ya faɗi ƙarin hasken rana ne gare ta. Ƙarin haske, ƙarin kara. Ƙarin kara, wuta mafi zafi. Wuta mafi zafi, wasu itatuwan su tafi. Masana suna kiran wannan zagayen ciyawa da wuta, kuma da zarar ya kama juyawa, kansa yake ciyarwa. Ƙarshensa daji mai itatuwa da tsuntsaye da ƙadangaru da ƙananan dabbobi masu kwana a kogon itace ya koma filin ciyawa iri ɗaya tal.

Ɓarnar ba ta tsaya a abin da ido ke gani ba. Gamba tana kwasar sinadarin naitirojin daga ƙasa fiye da ciyayin asali, ta tara shi a jikinta, wuta ta zo ta tura shi sama cikin hayaƙi, ƙasar da dama can ba ta da ƙarfi ta ƙara talaucewa. Tana kuma shan ruwa da yawa, abin da ke rage wanda ke nutsewa ya ciyar da rafuka da rani. A wuri irin Litchfield, wanda darajarsa duka a magangarun ruwansa take, irin su Wangi da Florence da Tolmer, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Wanda ya biya

Kafin gamba, gobarar daji a kewayen Batchelor aiki ne na 'yan sa-kai biyu ko uku da ƙaramar mota ɗauke da tankin ruwa. Bayan gamba, mutum ba ya iya tunkarar wutar a ƙasa. Zafinta kaɗai ya isa ya kore shi tun daga nesa, tartsatsinta kuma yana tsallake hanyar da aka share don tare ta. Dole aka koma hayar jirage masu saukar ungulu da jiragen zuba ruwa, da gireda, ana ajiye su cikin shiri a duk ranar da aka ga alamar haɗari, ana biya ko wuta ta tashi ko ba ta tashi ba. Binciken da Setterfield da abokan aikinta suka wallafa a 2013 ya nuna cewa kuɗin yaƙi da gobara a yankin ya ninka kusan sau tara. Har ma'aunin da hukumar hasashen yanayi ke amfani da shi wajen sanar da haɗarin gobara sai da aka gyara, saboda an gina shi a kan makamashin ciyayin asali, kuma ya daina faɗin gaskiya. Da aka gyara, ranakun da ake hana kunna wuta a fili suka ƙaru ƙwarai.

Wannan kuɗi bai fito daga aljihun wanda ya sayar da iri ko wanda ya shuka ba. Daga baitulmali ya fito, da lokacin 'yan sa-kai, da dukiyar maƙwabcin da bai taɓa mallakar ko ɗan maraƙi ba amma wuta ta cinye masa shinge da rumfa da gonar mangwaro. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A ganina wannan ne babban dalilin da ya sa aka daɗe ba a taɓuka komai ba: ribar tana hannun mutane ƙalilan waɗanda suka san adadinta kuma suna da ƙungiya mai magana da yawunsu, asarar kuwa ta warwatsu a kan jama'a da daji, ba wanda ya riƙe lissafinta sai da masu bincike suka zauna suka tattara.

Akwai waɗanda asararsu ta fi zurfi. Al'ummomin Aborijin da dama sun farfaɗo da ƙonan gargajiya na farkon rani, suna samun kuɗin shiga daga rage hayaƙin da manyan gobara ke fitarwa. Aikin da aka fara a 2006 a yammacin Arnhem, wata ƙasar Aborijin da ke gabas da Darwin, shi ne ya buɗe wannan hanya. Ƙa'idar tsarin ta fitar da duk filin da gamba ta shiga daga lissafi. Ma'ana, ciyawar da ba su suka kawo ba, idan ta isa ƙasarsu, za ta ƙone musu wuraren da suke girmamawa da itatuwan da suke ci, ta kuma toshe musu hanyar samun da ke biyan albashin matasansu masu tsaron daji.

Doka ta zo a makare

Tun a shekarun 1990 masu kashe gobara da masana tsirrai suka fara kokawa. A 1994 wani masani, Mark Lonsdale, ya bi diddigin tsirran kiwo 463 da aka shigo da su arewacin ƙasar tsakanin 1947 da 1985. Ya tarar 21 kacal ne suka yi amfani, 60 sun zama annoba, kuma huɗu ne kawai suka yi amfani ba tare da sun zama matsala ba. Alƙaluman nan sun isa su sa a dakata. Ba a dakata ba. Aka ci gaba da sayar da irin gamba ana shukawa har shekara goma sha huɗu bayan haka, masu kiwo na cewa laifin na waɗanda ba sa kula da filinsu ne, masana muhalli na cewa ba shingen da ke tare iri.

Sai a 2008, shekarar da masana kimiyya kusan 200 suka sa hannu a buɗaɗɗiyar wasiƙa suna neman a haramta ta, jihohin Ostireliya ta Yamma da Kwinsland da kuma Yankin Arewa suka ayyana gamba a matsayin muguwar ciyawa, aka hana sayar da irinta da sabuwar shuka. A 2009 gwamnatin tarayya ta sa ta, tare da wasu ciyayi huɗu, cikin manyan abubuwan da ke barazana ga halittun ƙasar. A 2012 ta shiga jerin miyagun ciyayi da ƙasa baki ɗaya ta sa wa ido. Ga Batchelor dai ihu ne bayan hari. A lokacin an ƙiyasta ta riga ta bazu a murabba'in kilomita 10,000 zuwa 15,000 na Yankin Arewa, kuma ƙasar da za ta iya zama a cikinta a yankin ta kai murabba'in kilomita 380,000.

Dokar Yankin Arewa ta raba yankin gida biyu. A inda gamba ba ta yi yawa ba, wajibi ne a kawar da ita ƙurmus. A inda ta riga ta yi kaka-gida, wato daga Darwin zuwa wajen Katherine, abin da ake nema shi ne a hana ta ƙaruwa da fita. Tsarin da aka sabunta a 2020 ya ɗora wa masu ƙananan filaye, ƙasa da hekta uku, su kashe duk wadda ke filinsu, masu manya kuma su bar tazarar mita 15 ba gamba a bakin iyaka da kewayen gidaje da hanyoyi. Gwamnati na raba maganin feshi kyauta tana ba da aron kayan feshin, ta kuma kafa wata runduna ta ma'aikata da ke fita da damina suna fesa ta a filayen hukuma.

Abin da ke kashe ta, da abin da ba ya yi

Kashe tushe ɗaya na gamba ba wuya. Maganin gilaifoset yana gamawa da ita idan aka fesa lokacin da take kore shar tana girma, tsakanin Disamba da Maris, kafin ta yi fure. Idan 'yan tsiraru ne, a tumɓuke su da saiwa. Yanka ba ya kashe ta, idan ma an yi shi bayan iri ya nuna, shuka aka yi. Wuta ba ta kashe ta, sai dai ta share tsohon kara don feshi ya sami sabon ganye. Wahalar ita ce lokacin da magani ke ci shi ne lokacin da ƙasa ta jiƙe, rafuka suka cika, mota ba ta shiga.

Tana da rauni guda babba: irinta ba ya daɗewa a ƙasa. Bayan shekara ɗaya, abin da ya rage da rai kaɗan ne ƙwarai. Wasu miyagun tsirran irinsu kan kwanta shekara ashirin yana jira. Gamba ba haka take ba. Duk wanda ya hana ta zubar da iri damina biyu ko uku a jere, bai tsallake ko ɗaya ba, kuma maƙwabcinsa bai sake aiko masa da wani ba, ya rabu da ita. Sharuɗɗan nan biyu su ne inda ake faɗuwa. Kuɗin aiki kan zo na shekara ɗaya ko biyu ya yanke, tushe goma da aka bari su mayar da aikin shekara uku baya. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Litchfield ya nuna abin da tsaiko ke haifarwa. Gandun yana da faɗin hekta 144,000, kuma fiye da mutum 250,000 ke ziyartarsa duk shekara. An yi binciken gamba a cikinsa ta jirgi mai saukar ungulu a 2014, aka sake yi a 2021 zuwa 2022. A karo na biyu aka tarar ta kama kusan hekta 30,000, wato kashi ɗaya cikin biyar na gandun, masu binciken kuma suka yi hasashen za ta wuce hekta 42,000 cikin shekara goma idan aka ci gaba a yadda ake. Ma'aikatan gandun ba zaune suke ba, suna fesawa a kewayen wuraren da baƙi ke zuwa da bakin hanyoyi. Abin da aka ba su ne bai kai girman abin da ke gabansu ba, ita kuwa ciyawar ba ta jiran kasafin kuɗi.

A gandun daji na Mary River, gabas da Darwin, ma'aikata sun gwada wata hanya da ta saɓa wa abin da aka saba. Maimakon ƙona gamba duk shekara don rage makamashi, sai suka riƙa tsare wasu wuraren daga wuta gaba ɗaya, suna haɗawa da feshi a inda ya fi muhimmanci. Da wuta ta ɗauke, itatuwa suka sami sararin farfaɗowa, inuwa ta dawo, gamba kuma ba ta son inuwa. Zagayen nan da ke ciyar da kansa sai ya soma juyawa da baya. Hanya ce mai haɗari, domin kafin inuwar ta rufe, karan da ya taru yana nan yana jiran ashana ɗaya, kuma tana bukatar mutanen da za su zauna a wuri ɗaya shekara da shekaru su san kowane lungu nasa.

Masu kiwo har yanzu suna da ta cewa, kuma ba duka maganarsu ce abin yarwa ba. A inda ciyawar ta riga ta mamaye dubban hektoci, babu mai kuɗin fesa ta duka, kuma shanu masu yawa da ake juya su daga shinge zuwa shinge suna rage tsawonta da irinta da zafin wutarta. Wannan gaskiya ne a cikin yankin da aka riga aka rasa. Inda nake rabuwa da su shi ne idan aka mai da wannan hujjar barin gonakin gamba a bakin ƙasar da ba ta kamu ba, kusa da gandun daji na Kakadu ko Arnhem. Gona takan sauya hannu, farashin shanu yakan faɗi, mai gona yakan tsufa ko ya yi ciwo, damina ɗaya ba dabbobi ta isa.

A can yamma, a yankin Kimberley, akwai wani wurin kiwo da ake kira El Questro, inda aka watsa irin gamba ta jirgin sama a 1991 a fili mai faɗin hekta 1,770. Shi ne babban wurin da ta kafu a Ostireliya ta Yamma, kuma yana nesa da sauran, ba mai sake kawo masa iri. Masu wurin da hukumomi da masu tsaron daji na Aborijin suka haɗa hannu a kanta, suka ƙi sakin aikin bayan ya fara yin kyau. Tushen da ake samu ya sauko daga dubbai zuwa 'yan ƙalilan da ake ƙirgawa da yatsu. Duk ƙarshen damina, kafin iri ya nuna, ma'aikata na jeruwa su taka filin da ƙafa, su bi kwazazzabai da gindin duwatsu, duk tushen da aka gani a rubuta inda yake, a cire kansa a sa a buhu, a kashe shi, baɗi a dawo a duba wurin.